Dare biyu a tanti bakin teku a Badagry: abin da na biya da abin da na samu

Sana'ata hayar rumfa da kujeru. Shekara 17 ke nan ina kafa wa mutane rumfunan ɗaurin aure da suna da zaman makoki a birnin Katsina, daga Ƙofar Ƙaura har Ƙofar Sauri, wani lokacin a kira ni Batagarawa ko Jibiya. Na fara da wannan ne don mai karatu ya san da wane ido na kalli wurin. Wani in ya isa bakin teku ruwan zai tsaya kallo. Ni ɗinkin tanti na fara dubawa, sannan igiya, sannan abin da aka ɗaure igiyar a jiki.

A watan Disamba na sauka Legas sayen tamfol da kujerun roba. Ɗan ƙanwata yana hidimar ƙasa a wata makaranta a Badagry, wani gari na bakin teku a jihar Legas, da ya ji na iso sai ya yi ta bugo mani waya. Ya ce, "Kawu, ka yi tafiyar da ta wuce kilomita 1,000 ka koma ba ka ga teku ba? In Umma ta ji ni za ta yi wa faɗa." Da na gama ɗaure kaya na ba mai mota, sai na hau motar Badagry ranar Juma'a bayan an sauko masallaci. Hanyar ta bi ta Ojo da Agbara, akwai cunkoso, kuma daga Badagry zuwa Seme, iyakar Najeriya da Jamhuriyar Benin, shingayen bincike suna da yawa, don haka mutum ya riƙe katin shaidarsa a aljihu, kada ya cusa shi ƙasan jaka.

Wurin da yaron ya kama mana yana kan wannan hanya ta Seme, ana sauka a titi a hau babur minti kaɗan cikin gonar kwakwa. Fili ne aka kewaye da ganyen kwakwa da aka saƙa kamar zana, ciki akwai tanti 9, da wata bukka inda ake girki, da banɗaki biyu. Mai kula da wurin dattijo ne, mutumin Egun, ƙabilar da ta fi yawa a yankin. Ya ce mana da can masunci ne kafin gwiwa ta hana shi jan taru. Zan riƙa kiransa Baba, yadda kowa ke kiransa a wurin. Mun biya naira 12,000 kowane dare kuɗin tanti, da naira 2,000 kowane mutum kuɗin shiga. Cikin kuɗin akwai katifa biyu 'yan sirara, da zanin gado, da fitila mai caji. Abinci da ruwan sha daban ne.

Tantin kansa, in faɗi gaskiya, ba wani na kirki ba ne. Irin mai rufi biyu ne, na ciki yana da raga kamar gidan sauro, na waje leda ce mai hana ruwa, da sanduna masu lanƙwasawa da ake soka su a gicciye. An ce na mutum 3 ne, amma mu biyu da jakunkunanmu mun cika shi tam. Na juya bakin ledar na duba, ɗinki layi ɗaya ne kuma ba a bi bayansa da abin toshe hudar allura ba. Irin wannan ɗinki a rumfata ba ya kai damina biyu. Zif ɗin ƙofa ya yi tsatsa, sai an ja da ƙarfi, kuma akwai wurin da haƙoransa suka daina haɗuwa kamar tsawon ɗan yatsa. Na roƙi guntun kyandir a bukkar girki na goga mashi, ya ɗan saki. Baba ya ce iskar teku ce, gishiri ke cikinta, ba ƙarfen da take bari. Na yarda da shi, don kafin mu bar wurin makullan da ke aljihuna sun fara canza launi. Amma duk da haka zif ana canza shi, kuma wanda ya karɓi 12,000 ya kamata ya canza.

Abin da ya sa nake ganin kuɗina bai tafi a banza ba, yadda aka kafa tantin ne.

Da na zagaya ban ga turke ko ɗaya ba. A Katsina ƙarfe nake bugawa da guduma, in ƙasa ta yi tauri a zuba ruwa a jira, in ta riƙe ta riƙe ke nan sai an zo cirewa. A nan igiyoyin sun nutse ne cikin rairayi kawai. Na tambaya, Baba ya durƙusa ya tona mani ɗaya da hannu. Buhun shinkafa ne aka cika rabi da yashi, aka ɗaure bakinsa da igiyar, aka binne kamar kamu ɗaya, aka tattake. A wasu kusurwoyin guntun reshen kwakwa ne aka kwantar a gicciye aka binne. Ya ce turke a wannan rairayi tamkar cokali ne a cikin gari, iska ɗaya ta zare shi. Na kama igiyar da hannu biyu na ja iya ƙarfina, ko motsi ba ta yi ba. Na daɗe a tsugune ina kallon ramin nan. Sau biyu a rayuwata iskar farkon damina ta ɗauke mani rumfa a ƙauyukan da ke da jigawa wajen Kaita, sau ɗaya har sandar ta fasa wa wani yaro goshi, abin da har yau ban manta ba. Da na san wannan dabara tun lokacin, da ba a yi haka ba.

Na biyu, nisan tantin da ruwa. Da muka iso teku ta yi nisa, akwai fili shimfiɗaɗɗe mai tauri gwanin kyau, na ce da Baba me ya sa ba a matsa da tantunan can ba, ai ya fi daɗi. Ya kama hannuna ya kai ni wani layi na shara, bawon kwakwa da ciyawar ruwa da tsofaffin silifa, ya miƙe tun daga gabas har yamma. Ya ce nan ruwan jiya ya tsaya, na yau zai wuce shi, don wata ya kusa cika. Ruwan teku yana kawowa ya janye sau biyu a yini da dare, kullum lokacin yana jinkirta da kusan minti 50, kuma ya fi tashi a tsakiyar wata da kuma lokacin tsayuwar sabo, saboda a ranakun ne jan wata da na rana ke haɗuwa a layi ɗaya. Yaron ya ce haka suke koya wa ɗalibai a aji. Baba bai shiga aji ba, amma lissafin watan yana kansa kamar yadda yake kan tsofaffinmu. Can cikin dare na fito da tocila, filin nan mai kyau babu shi, ruwa ya shafe, kumfa na tsayawa kamar taku 20 daga ƙofarmu.

Na uku, babu tanti ko ɗaya a ƙarƙashin bishiyar kwakwa, ko da yake nan ne inuwa take. Dalili ya bayyana da kansa da asuba, lokacin da wata kwakwa ta faɗo a bayan shinge da ƙarar da ta sa na zabura.

Daren farko ban yi barci sosai ba. Ba sauro ne ya hana ni ba, iskar ta kore su, sai dai wasu ƙananan ƙwari da ke cizon ƙafa dab da magariba, waɗanda safa da dogon wando suka yi maganinsu. Ƙarar teku ce. Babban ruwan da na sani shi ne dam ɗin Jibiya da na Zobe, kuma waɗannan shiru suke kwance. Wannan kuwa ba ya hutawa, kamar tirela ce ke juye tsakuwa, ta gama wata ta fara, har cikin ƙirji kake jin dukan ta ƙasan katifa. Na zauna bakin ƙofa ina ta tasbihi. Farin wata ya haske ruwan har iya ganin ido, babu tsallake, babu bishiya, babu fitila. Ban san lokacin da hawaye suka zubo mani ba. Ayoyin da ke maganar teku da jirage na sha karanta su tun ina makarantar allo, amma a daren nan ne na ga abin da ake nufi. Dare na biyu kuwa ƙarar ce ta sa ni barci.

Wanda ya fito daga hunturun Katsina ya shirya wa laima. Da safe rufin waje ya jiƙe sharkaf da raɓa, kuma duk inda ya taɓa na ciki ruwa ya ɗigo. Kusurwar katifata ta jiƙe. Laifin a nan na igiya ɗaya ce da ta saki cikin dare, na ɗaure ta da kaina rana ta biyu, ba a sake ɗiga ba. Rigar da na wanke da hantsi har magariba ba ta bushe ba, alhali a gida a wannan watan kafin ka gama shanya ta ƙarshe ta farko ta bushe. Amma fason da ke dugadugaina da tsagewar leɓe da na taho da su, cikin kwana biyu suka lafa ba tare da na shafa komai ba. Da rana cikin tantin ba ya zaunuwa daga ƙarfe 10 zuwa la'asar, zafi ne mai ɗanko, sai dai a koma rumfar ganyen kwakwa da suka yi a tsakiyar fili, inda iska ke busowa daga teku. Gab da asuba iskar takan juya ta taso daga tudu, da ɗan sanyi, a nan za ka nemi mayafi.

Maganar salla, wadda na san ita ce tambayar farko da mutanenmu za su yi. Babu masallaci a cikin wurin, amma Baba ya ba mu tabarma mai tsabta tun kafin mu tambaya, ya nuna mana wani gefe da ba a bi. A Badagry teku tana kudu, alƙibla kuma gabas ce da karkata zuwa arewa, don haka in ka tsaya ruwan yana hannunka na dama ta ɗan baya. Ruwan rijiyarsu zartsi ne, sabulu ba ya kumfa a ciki, ruwan daɗi kuma a lokacin jarka naira 500 ce. Don alwala ba mu damu ba. Hadisin Abu Huraira da ke cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik sananne ne, inda aka tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da ruwan teku, ya ce ruwanta mai tsarkakewa ne, mushenta kuma halal ne. Na yi alwala da shi, kurkurar baki ce kawai mai wuya. Ka zo da butarka, don tasu guda ɗaya ce kuma ta fashe a gindi.

Ɗebo ruwan ma ba a bar mu mun yi da kanmu ba, wani yaron wurin ne ke shiga da bokiti. Baba ya kafa jan ƙyalle a sanda, ya ce muddin yana sama ba mai wuce idon sawu, kuma duk kwanakin da muka yi bai sauke ba. Ya nuna mani wani wuri da ruwan ya yi lumui tsakanin raƙuman ruwa biyu, wanda ni da a ce zan shiga nan zan zaɓa. Ya ce nan ne mafi haɗari, ta nan ruwan da ya taru a gaɓa ke komawa ciki da gudu, ya ja mutum kamar an ɗaure shi da igiya. Ranar Asabar wasu samari da suka zo daga cikin Legas suka so yi mashi gardama, ya ce ko su fito ko ya mayar masu da kuɗinsu su tafi. Suka fito. Ina roƙon samarinmu da suka iya iyo a dam ko kududdufi, kada wannan iyawar ta ruɗe su.

Abinci kifi ne, kuma a nan ba ni da ƙorafi ko kaɗan. Da sassafe masunta ke jan taru daga gaɓa, mutum kusan 30 a layi biyu, suna waƙa suna ja da baya, aikin da ke cin awanni. Yaron ya shiga layi ya taya su. In tarun ya fito mata na jira da kwanoni, nan take ake ciniki. Mun sayi manya biyu naira 4,000, matar da ke girki ta gasa mana a kan bawon kwakwa ta haɗa da soyayyar doya, ta karɓi 1,500. Na fito da yajin ƙuli da uwargida ta ɗaura mani a jaka, matar ta ɗanɗana, sai da na bar mata rabi. Nama ban ci ba, don ban ga inda aka yanka ba. Ruwan ɗanyar kwakwa kuma a sare maka ita a gabanka, ya fi duk wani lemon kwalba. Wanda bai iya karyawa sai da shayi, akwai mai shayi a bakin titi, mutumin Maraɗi, da ya ji Hausata ya ce, "Alhaji, Bakatsine ne ko?" ya ƙi karɓar kuɗin kofin farko.

Yanzu inda suka gaza. Banɗakin bai dace da wurin da ke karɓar baƙi ba. Lokacin da muka je, ƙofar ɗaya ba ta da sakata, ɗayan kuma ba fitila, ruwa sai ka ɗauko da kanka daga nesa. Ni namiji na lallaɓa, amma ba zan kawo iyalina ba sai an gyara. Tantunan ma sun yi kusa da juna, babu wani shinge da zai ba mace sutura in ta fito. Na ce da Baba ya ware uku a gefe ya zagaye su da irin zanar da ya yi wa filin, ba zai kashe ko sisi ba tunda ganyen a gonarsa yake, kuma zai samu magidanta daga Arewa. Sai daren Asabar, wani wurin shaƙatawa da ke maƙwabtaka da su ya saki kiɗa har wajen ƙarfe 1, kuma ana sayar da giya a can. Ba su da iko a kai, amma ya kamata su gaya wa mutum tun lokacin da yake biyan kuɗi. Mai son natsuwa ya zo tsakiyar mako. Cajin waya na sola ne, soket biyu ga mutum kusan 20. Kuma in ka bar gaban filinsu, inda suke sharewa kullum, gaɓar cike take da robobi da ledoji da ruwa ke turowa. Abin ya dame ni ƙwarai.

Ranar Asabar da hantsi muka shiga garin, kuma ina ganin wanda ya kwana a bakin wannan ruwa bai shiga ba ya yi rabin tafiya. Mun ga benen da 'yan mishan suka gama a 1845, wanda ake kira bene na farko a Najeriya. Yaron ya gaya mani daga Badagry ne Bature matafiyi Kilafatin (Hugh Clapperton) ya kama hanya a ƙarshen 1825, ya bi ta ƙasar Oyo da Busa da Kano har Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, can kuma ya mutu a 1827. Wato kusan tafiyar da na yi a mota shi ya yi ta a ƙasa da doki. Amma inda ya tsaya mani a rai shi ne barikin bayi na Seriki Abass, mai ɗakuna 40. Wanda muka shiga bai kai shagon da nake ajiye kujeru ba, tagarsa 'yar huda ce can sama, mai yi mana bayani ya ce mutum 40 ake cusawa a irinsa. Shi Seriki Abass ɗin bawa ne da farko, aka kai shi Brazil, ya dawo ya shiga cinikin da ya ci shi, daga baya ya zama shugaban Musulmin garin, ya rasu a 1919. Kalmar Seriki ma sarkinmu ce ta Hausa. Daga nan muka haye kwale-kwale zuwa tsibirin Gberefu, muka taka hanyar rairayi da ake kora bayi a kai, muka wuce rijiyar da aka ce ana shayar da su don su manta gida, har bakin teku inda jirage ke jira. Cikin waɗanda aka fitar ta tashoshin wannan gaɓa akwai Hausawa da yawa, har a Bahia ta ƙasar Brazil an san su da shirin tawayen 1807. Na tsaya na yi masu addu'a. Da daddare da na koma tanti, ƙarar ruwan ta zame mani wani abu daban da na daren jiya.

To wa zan ce ya je? Magidanci shi kaɗai ko da abokai, ɗalibai da malaminsu, 'yan kasuwarmu da ke sauka kasuwar Alaba ta Legas su juya ba su taɓa ganin komai ba sai shago da tasha. A je tsakanin Nuwamba da Fabrairu, don da irin ɗinkin da na gani ba zan kwana cikin tantin nan a ruwan Yuni ba. A riƙe buta, tocila, safa, mayafi mara nauyi, leda mai kauri ta saka waya da kuɗi, da tsabar kuɗi a hannu saboda sabis yana ɗaukewa. Mai ciwon baya ya nemi a ninka mashi katifa, sun ba ni ta biyu ba su ƙara ko kwabo ba. In da a ce tanti da banɗaki kawai zan auna, 12,000 ta yi yawa. Amma na kwana taku 20 daga ruwan da zai iya cinye ni, ban ji tsoro ba, saboda akwai dattijon da ke tashi sau biyu cikin dare yana zagayawa da tocila yana taɓa igiyoyi. Na gan shi da idona. A sana'armu mai yin haka ba shi da yawa.

Da za mu tafi na rubuta wa Baba abubuwa uku a takarda, yaron ya fassara mashi: zif, sakatar banɗaki, da shingen iyali. Satin da ya wuce yaron ya kai abokansa, ya bugo mani ya ce, "Kawu, an canza zif, an sa sakata da fitila, shingen ne dai har yanzu." Na ce ya gaya wa Baba ranar da ya kafa shingen ya aiko mani da hoto, zan taho da uwargida da yara bayan ƙaramar salla in rai ya kai. Ya kuma gaya mashi na tara buhunan shinkafa 24 a shago, na gwada binne su a wani ɗaurin aure a Kaita, kuma sun riƙe.